Kabarin Da Alƙasum Ya Nuna

Akwai wani dillalin raƙuma a garin Tawa, sunansa Alƙasum. A shekarun farko na samun ƴancin kai, in ka shiga kasuwar dabbobi ranar Lahadi, muryarsa za ka fara ji kafin ka gan shi. Allah ya ba shi baki. Yakan yabi tsohon raƙumi mai ƙazuwa har mai shi ya fara tunanin fasa sayarwa.

Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Yana da kyauta, yana da barkwanci. Ciwonsa guda ne: bakinsa ba ya iya furta "ban sani ba". Ko hanyar garin da bai taɓa jin sunansa ba ka tambaye shi, sai ya ɗaga hannu ya yi maka kwatance.

Akwai labarin da ya fi so duk duniya, labarin kakansa Manzo da ayarin masu awo.

Tsofaffin Adar, yankin da Tawa take ciki, suna ba da labarin wani ayari da ya ratsa ƙasarsu tun kafin Nasara su zauna da gindinsu. Turawa ne ƴan kaɗan, tare da sojoji baƙar fata, da ƴan dako, da raƙuma da jakuna. An ce daga bakin teku suka taso can yamma, kuma niyyarsu su keta ƙasa da ƙafa har su ɓulla ɗaya tekun na gabas. Ba su saye, ba su sayarwa. Duk rijiyar da suka tarar sai sun tambayi sunanta, sun zura igiya sun auna zurfinta. Da tsakar rana kuma su tsaya suna leƙen rana da wani ƙarfe mai madubi. Shi ya sa aka sa musu suna masu awo.

An ce zazzaɓi ya kashe ɗaya daga cikin Turawan a arewacin Adar, wajejen Affala da Takanamat. Ƴan uwansa suka binne shi a daji suka ci gaba da tafiya.

To, mene ne na Manzo a ciki? Da ayarin ya iso Tawa, an nemi masu jakuna su ɗauki salkunan ruwa zuwa Kalfu. Manzo yana cikinsu. Ya kai, ya sauke, ya juyo gida. Iyakarta ke nan. Baturen ma ya riga ya mutu kafin su haɗu.

Amma a bakin Alƙasum labarin nan girma yake yi kamar ɗan maraƙi a damina. Da farko Manzo ya raka su Kalfu. Bayan ƴan shekaru ya zama shi ne jagoran ayarin gaba ɗaya. Daga baya kuma a cinyarsa Baturen ya cika, shi ya haƙa ramin da hannunsa. Kullum da la'asar, a majalisar shayi ƙarƙashin dogon yaro, sai ya gyara rawani ya ce:

"Ba don kakana ba, da ƙishirwa ta gama da su tun ba su ga Tawa ba. Kuma kabarin nan, ni da ubana munka je, yan nuna mini shi. Ko ido ruhe ina kai mutum."

Mutane su yi ta jinjina kai. Har suna suka sa masa, Jikan Jagora, shi kuma yana amsawa baki har kunne.

Shekara uku bayan ƴancin kai, da kaka, sai ga abokinsa Yunusu ya zo majalisa da sauri. Yunusu tafinta ne a biro, wato ofishin gwamnati, yana jin Faransanci, kuma yana cikin masu gaskata Alƙasum da zuciya ɗaya.

"Alƙasum, tashi, ranarka ta zo," in ji shi. "Wata tsohuwar Banasara ta sauka jiya daga Yamai. Ɗiyar mutumen nan ta, wanda yam mutu cikin masu awo. Kabarin ubanta taka biɗa. Na ce musu a daina wahala, muna da mutum."

Alƙasum ya duba dama, ya duba hagu, duk ƴan majalisa shi suke kallo cikin alfahari. A nan ne ya kamata ya yi dariya ya ce, "Kai jama'a, hira ce fa." Da an yi masa tsiya na mako guda an manta.

Sai ya ajiye kofi ya ce, "To mi muka jira?"

Madam, kamar yadda kowa ya riƙa kiranta, ta haura sittin. Siririya ce, gashinta fari fat, tana dogara sanda. Da Yunusu ya gabatar da Alƙasum, sai ta riƙe hannunsa da hannuwanta biyu ta daɗe ba ta saki ba. Ta yi magana, Yunusu ya fassara.

"Ta ce ba ta taɓa ganin ubanta ba. Tana ciki yat tahi. Uwarta ta yi ta jira har tsuhwa, ta rasu bara, kuma kahin ta cika ta roƙe ta ta zo ta gano inda shike kwance. Ta ce Allah na yak kawo ka."

Yunusu ya kawo shawara a biya Takanamat a tambayi tsofaffi, ko da akwai mai ƙarin bayani. Alƙasum ya harare shi.

"Ga jikan jagora tsaye, za ka tambayi masu gyangyaɗi? Kak ka wahal da baƙuwa."

Abin da ya dogara da shi kuwa shi ne wani tarin duwatsu. A yawonsa na neman raƙuma ya sha wucewa ta wani kwari bayan Affala, inda akwai kabari guda shi kaɗai a gindin aduwa. Babu gari kusa, babu suna, babu rubutu. Shi ɗan birni ne. A Tawa ya san maƙabarta da masu ita. A tunaninsa kabarin da ke daji shi kaɗai ba shi da kowa.

Abin da bai tsaya ya tuna ba shi ne al'adar makiyaya. Su inda mutum ya cika nan ake rufe shi, a tara duwatsu saboda kura, a ɗaure kaya a wuce. Ba sa rubuta suna don ba sa mantawa.

Washegari da safe suka shiga mota suka nufi arewa. Gero ya nuna a gonaki, an fara ɗaurin damma. Bayan Affala gonaki suka ƙare, sai ciyawa da jan dutse. Alƙasum yana gaba kusa da direba, yana nuna hanya kamar wanda aka haifa a wurin.

Da suka isa gindin aduwar, ya sauka ya miƙa hannu. "Ga shi nan."

Madam ta tako a hankali. Ta yar da sandarta, ta durƙusa, ta ɗora tafinta a kan duwatsun. Ta yi ta magana ƙasa-ƙasa da harshensu, tana kuka irin na tsofaffi, wanda ba ya sauti. Yunusu ya juya baya, bai fassara komai ba.

Can ta buɗe jakarta ta fito da wani ɗan ƙunshi. Ƙasa ce baƙa. Ta ce daga kabarin uwarta ta ɗebo. Ta zazzage ta duka tsakanin duwatsun, har ta kakkaɓe ƙyallen.

A lokacin ne idon Alƙasum ya kai kan wani abu. Duwatsun sama ba su yi kama da na ƙasa ba. Na ƙasa sun nutse, ciyawa ta rufe su. Na sama kuwa a jere suke, an ɗora su da kula, kuma a gefe ga wani guntun akushi na itace wanda rana ba ta gama cinyewa ba. Akwai mai zuwa wurin nan.

Ya sa ƙafa a hankali ya tura guntun akushin cikin ciyawa.

Yunusu ya matso ya yi masa raɗa. "Alƙasum, ya anka yi kabarin ga ya kwanta irin namu? Dubi, alƙibla shika kallo."

"To kakana Nasara na?" in ji Alƙasum ba tare da ya yi inda-inda ba. "Yadda yas san ana rufe mutum haka yar ruhe shi."

Yunusu ya gyaɗa kai, har da cewa Allah ya jiƙan Manzo.

Suka komo Tawa, labari ya bazu. A kasuwa ana nuna Alƙasum da yatsa, a majalisa an bar masa wurin zama mai kyau. Ya lallashi zuciyarsa cewa ai bai cuci kowa ba. Tsohuwa ta yi kukanta ta huce, za ta koma ƙasarsu da sanyin rai. Har ya fara ganin kamar taimako ya yi.

Bayan ƴan kwanaki Yunusu ya same shi a gida da fara'a.

"Albishirinka. Madam ta ce ba ta barin ubanta cikin daji. Za ta kwashe ƙasusuwanai ta kai su kusa da uwarta. An ba ta izini, kahinta ya gama akwati. Jibi muka komawa da masu haƙa."

Alƙasum ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Da Yunusu ya fita, ya zauna a kan turmi.

Matarsa Habsatu tana tankaɗe, ta ji komai. Ta shekara ashirin tana jin labarin Manzo yana ƙara tsawo, ba ta taɓa cewa uffan ba. Ranar ta ajiye rariya.

"Malam, wa ke cikin kabarin nan?"

Ya kawar da kai, ta ci gaba.

"Ban tambaye ka don in ci mutuncinka ba. Amma in Musulmi na, kuma anka sa shi akwati anka ƙetara teku da shi, mi za ka ce ma Allah? Tashi ka bi Yunusu, bai yi nisa ba."

"In ce mishi mi? In ce ma Tawa duka ni maƙaryaci na? Wa za shi sake sayen raƙumi da shaidata?"

"Kunyar yau ta hi ta jibi sauƙi," in ji ta, ta ɗauki rariyarta.

Ya miƙe har ya kai zaure, sai ya hango ƴan majalisa suna ɗaga masa hannu daga nesa. Ya dawo ciki. Ya ce wa kansa wataƙila mota ta lalace. Wataƙila a haƙa ba a tarar da komai ba. Mutum in ba ya son yin abin da ya dace, dalilai ba sa yi masa wuya.

Mota ba ta lalace ba.

Ranar suka isa gindin aduwa da hantsi, da masu haƙa, da gardi guda, wato dogarin gwamnati, da sabon akwati. Abin da ya sauya kawai shi ne can bakin kwari an kafa tantuna na fata. Makiyaya sun fara gangarowa daga arewa, kamar yadda suke yi kowace kaka.

Masu haƙa suka yi bisimilla suka fara kwashe duwatsu. Kowane dutse aka ɗaga, Alƙasum sai ya ji kamar a kan ƙirjinsa aka ɗora shi. Gumi ya jiƙa masa rawani. Sau da yawa ya buɗe baki, sai ya ga Madam tana dubansa da godiya, ya sake rufewa.

Aka gama da duwatsu, aka shiga ƙasa. Ba a jima ba shebur ya bugi itacen da aka jera a kan gawa.

Sai suka ji ihu.

Wata tsohuwar Buzuwa ce ta diro daga kan jaki tana gudu, baƙin mayafinta yana jan ƙasa. Dutse ne a hannunta, wanda ta ɗauko tun daga hanya don ta ƙara a kan kabarin. Sunanta Lalla. Ta iso ta ga rami a buɗe, dutsen ya suɓuce mata.

"Mi kuka yi? Mi tay yi muku? Ɗiyata ta! Kadidiya ta!"

Ta faɗa kan tulin ƙasar ta baza hannuwa. Cikin kuka ta ce shekarun baya suna gangarowa naƙuda ta kama yarinyar a nan, ta rasu da abin da ke cikinta. Tun daga lokacin ba ta taɓa wucewa ba tare da ta tsaya ba.

Gardi ya kama hannunta zai janye ta. "Inna, kin ruɗe. Nasara ke nan ciki, ga ɗiyatai nan tsaye. Ga ma wanda kakanai yar ruhe shi."

Kowa ya juyo ga Alƙasum. Madam ba ta jin abin da ake faɗa, ta kama hannun rigarsa tana tambayar Yunusu me ke faruwa.

"Alƙasum," in ji Yunusu, muryarsa ta sauya. "Tsohuwa ta ce ɗiyarta. Kai ka ce Nasara. Hwaɗa muna, mu ci gaba ko mu tsaya?"

Kalma guda ta ishe shi. Da ya ce "ku ci gaba", da an janye tsohuwar, don shi ne Jikan Jagora, ita kuwa ba wanda ya san ta. Ya dubi ramin. Ɗaya daga cikin itatuwan ya goce, ana hango gefen tabarmar da aka naɗe gawar a ciki.

Ya durƙushe a ƙasa.

"Ku tsaya. Don Allah ku tsaya. Ƙarya niy yi."

Masu haƙa suka dakata.

"Ban san kabarin ubanta ba. Ban taɓa sani ba. Kakana ruwa yak kai musu Kalhu bisa jaki yak komo gida, bai ko ga mutumen ba. Wanga kabari hanya nika ganinai, na ɗauka ba shi da kowa."

Wannan mutumin da muryarsa ke cika kasuwa, ranar sai da aka matso kafin a ji shi.

Yunusu ya dube shi. "Ni nis shiga biro nic ce ina da mutum. Ni nif fassara ƙaryarka kalma kalma. Yanzu kuma ni za ni hwaɗa mata."

Ya juya ya yi wa Madam bayani. Alƙasum bai ji Faransanci ba, amma ya ga lokacin da maganar ta isa. Hannunta ya saki rigarsa. Ba ta yi faɗa ba, ba ta zage shi ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta dubi ƙasar da aka tono, wadda baƙar ƙasar uwarta ta riga ta ɓace a cikinta. Ta faɗi ƴan kalmomi.

"Mi tac ce?" in ji Alƙasum.

"Ta ce duk saƙon da uwarta ta ba ta, ta riga ta hwaɗe shi nan. Ta ce da ka ce ba ka sani ba, da ta gode maka ta tambayi wani."

Kunya ta rufe shi har ya ji da ma shi ne a cikin ramin. Ya rarrafa wajen Lalla. "Inna, ki yahe mini. Ki yi mini duk abin da kika so."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Idonta yana kan gefen tabarmar nan.

"Ku ruhe mini ita," in ji ta. "Rana tana dukanta."

Masu haƙa suka gyara itacen, suka mayar da ƙasa cikin natsuwa suna salati. Aka zo kan duwatsu. Lalla ta fara ɗauka tana jerawa. Madam ta jingine sandarta a gindin aduwa, ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki ƙaramin dutse, ta tsaya tana duban tsohuwar. Lalla ta dube ta, ta matsa mata gefe. Yunusu ya sa hannu, direba ya sa hannu, har gardin da ya ja Lalla ɗazu ya cire hula ya shiga.

Alƙasum ya miƙe ya ɗauko wani babban dutse da hannu biyu. Ya matso zai ɗora.

Lalla ta ɗaga tafinta.

"Ban da kai."

Ya tsaya cak. Ba wanda ya roƙa masa, shi ma bai ga bakin roƙo ba. Haka ya tsaya rungume da dutsen a cikin rana, yana kallon baƙuwar da ya yaudara da uwar da ya tone wa ɗiya suna rufe ɓarnarsa, har aka ɗora na ƙarshe aka shafa fatiha.

Madam ta je Takanamat daga baya, amma jikinta ya gaza, kwanakin ziyararta suka ƙare. Ta koma ƙasarsu ba ta ga kabarin ubanta ba.

Darasi: Ƴan uwa, "ban sani ba" ba ta rage wa kowa daraja. Ƙaryar da muke yi don a ce mu wasu ne, muna ganin hira ce kawai, wata rana a kan wanda bai ji ba bai gani ba take sauka, kuma ba kowace ɓarna ake barin mai ita ya gyara da hannunsa ba. In ka yi kuskure, ka faɗa tun yana ƙarami. Ku tura wa ƴan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda wannan labari zai tsayar tun bai kai bakin rami ba.